Majaujawa, Tudu ko Saukar Tsaye: Wane Jirgin Dakon Jiragen Yaƙi Ya Dace Ƙasa Ta Zaɓa?

A watan Nuwamban 2000, jirgin ruwan Faransa mai dakon jiragen yaƙi, Charles de Gaulle, yana cikin Tekun Atlantika a gwajinsa na ƙarshe kafin ya kama aiki, sai reshen farfelarsa ɗaya ya karye. Sabo ne fil, kuma da makamashin nukiliya yake tafiya. Da aka duba farfelolin da aka yi masa na ajiya, sai aka tarar su ma suna da irin wannan aibin. Abin da ya fitar da shi kunya shi ne tsofaffin farfelolin ajiya na jiragen dakon Faransa na da, Clemenceau da Foch, waɗanda aka zana tun shekarun 1950. Da su ya koma teku, amma bai iya kai gudun kilomita 50 a awa da aka tsara masa ba sai bayan babban gyaran da aka yi masa daga 2007 zuwa 2008.

Idan ana muhawara kan waɗannan jirage, abin da aka fi aunawa shi ne tsawo da nauyi da yawan jiragen saman da kowanne ke ɗauka. Ni ina ganin ba a nan gizo yake saƙa ba. Irin wannan jirgi yakan yi shekara 40 zuwa 50 yana aiki, kuma duk ƙasar da ta zaɓi zanensa ta zaɓi wanda za ta riƙa bugawa waya duk lokacin da wani ƙarfe ya ci. Zane uku ne a gaban mai zaɓi, kuma Indiya da Turkiyya da Koriya ta Kudu duk sun sha tafka muhawara a kansu. Akwai mai majaujawa, wanda inji ke cilla jirgin sama. Akwai mai tudu a goshi, wanda jirgi ke tashi da ƙarfin injinsa sannan ya sauka ya kama igiyar birki da ƙugiya. Sai kuma wanda jiragensa ke tashi ta kan tudun amma su sauko a tsaye kamar helikwafta.

Duka ukun daga matsala guda suka fito. Jiragen dakon Yaƙin Duniya na Biyu, irin su samfurin Essex da Amurka ta gina guda 24, doronsu miƙaƙƙe ne, jiragen samansu kuma masu farfela ne marasa nauyi. Da jiragen jet suka zo, sun fi nauyi, sun fi gudu wajen sauka, kuma wanda ƙugiyarsa ta kuskure igiya sai ya nufi jiragen da ke fake a gaba. Sojojin ruwan Ingila ne suka warware wannan a farkon shekarun 1950 da dabaru uku: Dennis Cambell ya kawo shawarar karkata layin sauka gefe, don wanda ya kuskure ya sake tashi ya zagayo, Colin Mitchell ya ƙera majaujawar tururi, aka gwada ta a kan HMS Perseus, Nicholas Goodhart kuma ya fito da madubin da ke nuna wa matuƙi ko ya yi sama ko ya yi ƙasa. Amurka ce ke da kuɗin haɗa su a babban jiki. A 1955 ta ƙaddamar da Forrestal, a 1961 Enterprise mai tukwanen nukiliya takwas, a 1975 kuma Nimitz. Ingila da ta ƙirƙiro dabarun ta kasa ci gaba da biyan kuɗinsu, sai ta koma kan jirgin Harrier mai sauka a tsaye, ta ƙara masa tudu a gaban doro. Tarayyar Sobiyet ta ɗauki tudun ta haɗa shi da igiyar birki. Ka ga zane biyu daga cikin ukun, rashin kuɗi ko rashin majaujawa ne ya haife su.

A fagen aiki babu jayayya, majaujawa ce gaba. Cikin kimanin daƙiƙa biyu takan kai jirgi cike da mai da makamai gudun da ya wuce kilomita 240 a awa. Mafi muhimmanci, ita ce ke iya tayar da jirgin hangen nesa mai faifan rada a baya, irin E-2 Hawkeye, wanda shi ne idon rundunar baki ɗaya. Jirgin dakon da ba shi da wannan ido da helikwafta yake dogara, ita kuwa ba ta kai wannan tsawo a sama ba, ba ta kuma daɗewa haka.

Sai dai a duniya yau ƙasa biyu ce kawai ke ƙera majaujawa: Amurka da Sin. Faransa, duk da tana ƙera tukwanen nukiliyarta da jiragen Rafale da kanta, majaujawar Amurka ce a kan Charles de Gaulle, Hawkeye ɗinta ma na Amurka ne, har sai da aka ƙara wa doron jirgin 'yan mitoci don ya samu wurin juyawa. Sabon jirgin da take shirin kammalawa wajen 2038 shi ma majaujawar lantarki ta kamfanin General Atomics zai ɗauka. Idan Faransa ba ta tsira daga wannan dogaro ba, ƙasa mai ƙaramin ƙarfi kada ma ta sa rai.

Abin da ya sa tsarin ke yi wa Amurka aiki shi ne yawa. Jiragen samfurin Nimitz goma ne, duka a maƙera ɗaya aka gina su, a Newport News da ke jihar Virginia, daga na 1975 zuwa George H.W. Bush na 2009. Kamfanin da ke yin famfo ko bawul ya san yana da kasuwar shekaru, injiniyan da ya ƙware a kan ɗaya zai iya aiki a kan ɗan'uwansa, kuma idan tsoho ya yi ritaya ana kwashe abin da ke da sauran amfani a jikinsa. Ƙarafan anga masu tsayar da jirgi da ke jikin John C. Stennis, ɗaya daga cikin goman, ma daga Forrestal aka gado su. Duk wanda ya taɓa neman kayan gyara a Ƙofar Ruwa ko Panteka ya san bambancin mai Fijo 504 a zamaninta da mai motar da ita kaɗai ce irinta a gari: na farko kafin azahar ya hau titi, na biyu sai ya jira a yanka wata a wata ƙasa.

Amurkar ma ta ɗanɗana irin ta mai motar ta biyu da ta sauya zane. Sabon jirginta Gerald R. Ford ya ci kusan dala biliyan 13, an ƙaddamar da shi a Yulin 2017, amma bai fita cikakken aiki ba sai 2023. An cusa masa sababbin abubuwa da yawa lokaci guda: majaujawar lantarki maimakon ta tururi, sabon birki, da lif 11 na ɗaga makamai waɗanda na ƙarshensu bai kammala ba sai Disambar 2021. Masu sa ido na ma'aikatar tsaron ƙasar sun yi ta kokawa cewa ba a iya raba majaujawa ɗaya da wuta a gyara ta alhali sauran ukun suna aiki. Kuma da yake ba shi da ɗan'uwa a teku, a 2021 sai da aka ciro wasu kayayyaki daga ƙaninsa, jirgin John F. Kennedy da ake kan ginawa, aka ɗaura masa. Majaujawar lantarki ta fi tausaya wa jikin jirgin sama, ta fi sauƙin saitawa daga ƙaramin jirgi zuwa babba, kuma gaba tata ce. Amma wanda ya fara sayen sabon zane shi ke biyan kuɗin koyon kowa.

To me zai hana a sayi tsohon mai majaujawa na hannu, tunda yana da araha? Brazil ta amsa wannan tambaya da aljihunta da rayukan mutanenta. A 2000 ta sayi Foch daga Faransa kan dala miliyan 12 kacal, ta sa masa suna São Paulo, ta ɗora masa jiragen Skyhawk da ta saya daga Kuwait. Jirgin ya riga ya yi shekara 37 yana aiki, ɗan'uwansa ɗaya ne a duniya, Clemenceau, wanda shi ma an riga an ajiye shi. Tukwanen tururinsa da majaujawarsa na zamanin da masu ƙera su suka daɗe da komawa wata sana'a ne. A Mayun 2005 bututun tururi ya fashe ya yi sanadin mutuwar ma'aikata, a 2012 gobara ta tashi, ya shafe mafi yawan shekarunsa a ɗaure a tashar Rio de Janeiro. A 2017 aka haƙura da shi. Ko rabuwa da shi ma ba ta zo da sauƙi ba: an sayar da shi ga masu fasa jirage a Turkiyya, hukumomin can suka hana shi shiga a 2022 saboda sinadarin asbestos da ke jikinsa, ya dawo yana yawo a bakin ruwan Brazil babu tashar da ta yarda ta karɓe shi, har aka nutsar da shi a teku a Fabrairun 2023. Araha ba ta ado.

Abin lura shi ne, kafin São Paulo Brazil ta riƙe wani jirgin na hannu, Minas Gerais, kusan shekara 40 har zuwa 2001, kuma ya yi mata aiki. Shi ɗan zuriyar ƙananan jiragen dakon da Ingila ta zana a 1942 ne, samfurin Colossus da Majestic, waɗanda aka kammala guda 15 da tsari mai sauƙi irin na jiragen kasuwanci. Sun bazu zuwa Faransa da Holan da Kanada da Ostireliya da Indiya da Ajantina. Da jirgin Ajantina, Veinticinco de Mayo, ya kwanta, an ciri kayansa an kai wa na Brazil. Saboda haka tsufa kaɗai ba shi ne laifi ba. Abin tambaya shi ne 'yan'uwa nawa jirgin yake da su, kuma ko akwai mai ƙera kayansu har yanzu.

Zane na biyu, tudu da igiyar birki, ya cire majaujawa gaba ɗaya, wato ya cire inji mafi wuyar samu. Tudun ƙarfe ne kawai mai hawan kimanin digiri 12, ba ya lalacewa. Kuɗin da ake biya shi ne nauyi: idan ana so jirgi ya tashi daga gajeren layi sai a rage masa mai ko makamai, idan kuwa ana so ya tashi cike sai ya ja da baya ya ci filin sauka. Hawkeye ba ya aiki a nan.

Ƙasashe uku suka bi wannan hanya daga tushe guda, maƙerar Mykolaiv da ke Yukren a yau, kuma yadda ta kaya da kowacce ya isa darasi. Rasha ta gaji Admiral Kuznetsov amma ba ta gaji maƙerar da ta gina shi ba. Tukwanensa na baƙin mai sun sha ba shi wahala har ya zama jirgin janwe na rakiyarsa. A gaɓar Siriya a ƙarshen 2016 ya yi asarar jirage biyu, MiG-29K da Su-33, duka saboda matsalar igiyar birki. A Oktoban 2018 dandamalin gyara mai yawo a ruwa da ke ɗauke da shi ya nutse, ƙugiyar ɗaga kaya ta faɗo ta huda doronsa, a Disambar 2019 gobara ta biyo. Tun 2017 bai sake fita aiki ba.

Indiya ta karɓi tsohon Admiral Gorshkov a yarjejeniyar 2004: jirgin kyauta, ita za ta biya kuɗin sauya shi, kimanin dala miliyan 974, a miƙa mata shi a 2008. Da aka buɗe cikinsa sai aka ga aikin ya ninka abin da aka ƙiyasta, musamman wayoyin lantarki. Kuɗi ya kai dala biliyan 2.35. A gwajin 2012 tukwane bakwai cikin takwas suka gaza, saboda an yi amfani da bulon da ke jure wuta a madadin asbestos da Indiya ta ƙi amincewa da shi, bulon kuwa bai jure ba. Sai a Nuwamban 2013 ya zama INS Vikramaditya. Tsugune ba ta ƙare ba, domin rahoton babban mai binciken kuɗi na Indiya na 2016 ya nuna cewa jiragen MiG-29K masu kujera ɗaya da ke shirye su tashi ba su kai kashi 40 cikin 100 ba a shekarun da aka bincika, wani lokaci ma ƙasa da kashi 20. Jirgin dako kuwa ba shi da wani amfani fiye da jiragen da ke iya tashi daga kansa.

Sin ta sayi ɗan'uwan Kuznetsov, Varyag, wanda ba a gama ginawa ba, a 1998 kan dala miliyan 20 ta hannun wani kamfanin Macau da ya ce gidan caca zai mayar da shi. Turkiyya ta tsare shi a mashigar Bosphorus har Nuwamban 2001, ya isa Dalian a 2002. Shekara goma Sinawa suka yi a kansa kafin ya zama Liaoning a 2012, kuma ba gyara kawai suke yi ba, koyon ƙera kowane sashe suke yi. Tun 1985 dama sun sayi tsohon jirgin dako Melbourne na Ostireliya a matsayin ƙarfen fasawa suka yi nazarin kayan doronsa. Shandong ya biyo a 2019, ginin gida kan wannan zane da aka gyara. Fujian, wanda aka saka a ruwa a 2022 ya kama aiki a Nuwamban 2025, ya tsallake tururi ya tafi kai tsaye ga majaujawar lantarki, kuma ba da nukiliya yake tafiya ba. Indiya ta sayi jirgi don ta yi aiki da shi, Sin ta saya don ta daina saye. Hanyar Sin ce mafi kyau, amma sai ƙasar da ke da masana'antar ƙarfe da maƙerun jiragen ruwa irin nata za ta iya binta.

Zane na uku shi ne mafi sauƙi a ɓangaren jirgin ruwan. Babu majaujawa, babu igiyar birki, ma'aikatan doro sun ragu, horar da matuƙa ya fi sauƙi, kuma jirage na iya sauka ko teku na tangal-tangal. Yaƙin tsibiran Falkland na 1982 ya nuna haka: jiragen Harrier na jiragen dakon Ingila, Hermes da Invincible, sun yi ta tashi cikin mummunan yanayi, alhali a farkon Mayu jirgin Ajantina ya kasa cilla jiragensa ɗauke da bama-bamai saboda iska ta kwanta. Ingila ta gina Queen Elizabeth da Prince of Wales, kowanne tan 65,000, a kan wannan tsari. A 2010 gwamnati ta yanke shawarar saka majaujawa, a 2012 ta janye da ta ga kuɗin saka wa jirgi ɗaya ya doshi fam biliyan 2.

Gina biyu ya cece ta fiye da sau ɗaya. A Agustan 2022 mahaɗin sandar farfelar Prince of Wales ya karye yana barin Portsmouth, ya shafe watanni a maƙerar Rosyth, aka riƙa cire masa kaya ana kai wa Queen Elizabeth. A Fabrairun 2024 aka ga matsala a mahaɗin sandar Queen Elizabeth ana gab da atisayen NATO, sai Prince of Wales ya tafi a madadinsa. Faransa mai jirgi ɗaya, duk lokacin da Charles de Gaulle ya shiga babban gyara sai ta yi fiye da shekara ba ta da jirgin dako.

Amma wahalar da aka cire daga jirgin ruwa ta koma jikin jirgin sama. An daina ƙera Harrier tun 2003, har a 2011 Amurka ta sayi 72 da Ingila ta ajiye don ta riƙa cirar kaya. Tailan ta karɓi Chakri Naruebet daga Sifen a 1997 tare da tsofaffin Harrier tara, tattalin arziƙin Asiya ya karye a wannan shekarar, cikin shekara biyu jirgi ɗaya ne kawai ke tashi, a 2006 aka ajiye su duka. Yau jirgin yaƙi ɗaya ne a duniya da ake ƙerawa mai irin wannan sauka, F-35B na Lockheed Martin, kuma kayan gyaransa a rumbu guda suke da duk masu amfani da shi ke ɗiba, ƙarƙashin ikon Amurka. Turkiyya ta gina TCG Anadolu da tudu da niyyar F-35B, sai aka fitar da ita daga shirin a 2019 saboda ta sayi makaman S-400 na Rasha. Ta mayar da shi na helikwafta da jirage marasa matuƙi, kuma a Nuwamban 2024 Bayraktar TB3 ya tashi ya sauka a kansa. Ta yi dabara mai kyau, kuma ta iya ne don ita ke ƙera jirgin.

Maganar nukiliya ba ta da tsawo. Tana ba da gudu da tafiya mai nisa, amma jiragen sama da na rakiya duk da haka mai suke sha, sake zuba wa samfurin Nimitz makamashi a tsakiyar rayuwarsa yakan ci kimanin shekara huɗu, kuma Enterprise da ya daina aiki tun 2012 ya daɗe a ɗaure ana lissafin yadda za a fasa shi. Ƙasar da ba ta riga ta saba da tukwanen nukiliya a jiragen ƙarƙashin ruwa ba, injin gas ko dizal ya ishe ta.

Zaɓin da zan ba da shawara ya danganta da abin da ƙasa ke ƙerawa da kuma wanda take amince wa. Wadda ke cikin ƙawance mai ƙarfi da Amurka, irin Italiya, ko Japan da ke sauya jiragenta Izumo da Kaga don su ɗauki F-35B, saukar tsaye ce ta fi mata: ta fi araha, kuma dogaron da za ta yi dama tana cikinsa. Wadda ke son faɗa da manyan runduna a tsakiyar teku ba ta da makawa sai majaujawa, amma ta shirya kuɗin jirgi biyu ko ta yarda da shekarun da za ta zauna babu ko ɗaya. Wadda ba ta son a riƙe mata wuya, tudu da igiyar birki ne ke bar mata ƙofa a buɗe, domin jirage fiye da ɗaya na iya aiki a kansa. Tsohon jirgi mai tukwanen tururi wanda zuriyarsa ta ƙare kuwa, ko kyauta aka bayar ban ga dalilin karɓa ba. Kuma kafin a sa hannu kan komai, a fara gina wurin gyaran da zai iya ɗaukar jirgin a gida.

Mu nan Najeriya mun san wannan ciwo a ƙaramin ma'auni. NNS Aradu da kamfanin Blohm + Voss na Jamus ya gina, wanda ya kama aiki a 1982, shi kaɗai ne irinsa a rundunarmu, kuma ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure yana jiran gyara. Fashin teku da satar ɗanyen mai a Mashigin Gini jiragen sintiri masu yawa iri ɗaya suke buƙata, ba jirgin dako ba.

Indiya ce ke tsaye a daidai wannan mararraba yanzu. Ta gina INS Vikrant a maƙerar Kochi, ya kama aiki a Satumban 2022, da ƙarfen da masana'antunta suka sarrafa bayan na Rasha ya ƙi samuwa, da injinan gas LM2500 na General Electric waɗanda rundunoni da dama ke amfani da su, don haka kayansu ba sa wuya. A Afrilun 2025 ta sa hannu kan sayen Rafale 26 na ruwa daga Faransa, jirgin da aka yi don majaujawa amma ya nuna yana iya tashi ta kan tudu. Rundunar ta daɗe tana burin babban jirgi mai majaujawar lantarki, daga baya hafsoshinta suka fara maganar a sake gina wani irin Vikrant. Ina goyon bayan wannan na biyun. Maƙerar na nan, ma'aikatan da suka koyi aikin ba su watse ba, ɗaruruwan ƙananan kamfanonin da suka yi kayan na farko za su samu oda ta biyu, kuma ranar da Vikramaditya ya yi ritaya rundunar za ta rage da jirage biyu masu famfo iri ɗaya da farfela iri ɗaya.